Lambun da Ke Ƙarshen Ruwa

Ni ce na gasa gurasar da aka karya ranar, shi ya sa duk wanda ya ɗauko labarin Berdikul-ota a gabana nake ce masa ya dakata, ni zan faɗa. Sunana Mastura. Tanderuna yana can ƙasan layin masallaci a Yettitol, ƙauyenmu na gefen birnin Samarkand, shekara talatin da ɗoriya ina liƙa ƙullu a cikinsa, har gashin hannuna ya ƙone ya daina fitowa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da lambun Berdikul-ota, ita ma ta laka, gajeruwa, ko ba ka yi ɗage ba kana ganin abin da maƙwabci yake ci.

Shi ne mirob ɗinmu, mai rabon ruwa. Ota kuwa a yarenmu baba ke nan, haka ake kiran dattijo. Ruwan Yettitol daga babban kanal, kogin nan da aka haƙa da hannu, yake fitowa ta wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo, ya biyo hanyar ruwan da kakanni suka haƙa, ya ratsa gonaki da bayan gidaje har inda gari ya ƙare. Mai riƙe da makullin ƙofar nan shi ke cewa yau ruwan wane ne, awa nawa, gobe na wane. Kuma a garinmu ba a ba wanda gonarsa ke kusa da ƙofa makulli. Sai wanda lambunsa ne na ƙarshe, wanda in ya yi sakaci ko son kai shi zai fara ɗanɗana ƙishirwa. Lambun Berdikul-ota shi ne na ƙarshe. In ka ga ruwa a gindin itatuwansa, to kowa ya sha.

Itacen urik, mai 'ya'ya masu zaƙi da ƙwallo a ciki, guda ashirin da bakwai ne a lambun. Shi da matarsa Zebi suka dasa su, uku na bakin ƙofa kuwa ita kaɗai ta dasa da hannunta shekarar da aka kawo ta. A watan Yuni 'ya'yan sukan nuna su yi jawur, a shanya su a kan rufin ɗaki, duk unguwa ta ɗauki ƙamshi. Zebi ta rasu shekara tara kafin abin da zan faɗa, ɗansu yana aikin gini a Rasha, 'yarsu tana aure a garin Karshi. Shi da itatuwan nan suka rage.

Gajeren mutum ne, gwame, kullum cikin dogon takalmin roba, fartanya a kafaɗa, tsohon agogo a aljihun ƙirji. Shekara arba'in da ɗaya yana rabon ruwa, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, abin har haushi yake ba ni. In mutum ya datse ruwa ba ranarsa ba, sai ya je ya tsuguna a daidai wurin datsewar ya shiga gaisuwa. Marigayi mijina ya taɓa gwadawa saboda tumatirinsa. Berdikul-ota ya zo ya tambaye shi lafiyar uwarsa, da ƙafar ƙanensa, da saniyar da aka sayar bara, bai ko kalli ruwan ba. Kafin a kai kan awaki mijina ya shiga taɓo har gwiwa yana buɗe abin da ya toshe, kunnuwansa ja zur.

Ni kuwa "amarya" yake ce mini tun ranar da aka kawo ni unguwar. Na yi jikoki, haƙorana na sama sun zube, ina nan amarya. Kowace safiya nakan miƙa masa gurasa ɗaya mai zafi ta kan katanga.

"Amarya, yau ma kin ƙona gefen."

"Ku kawo abata in ba ku so, ota. Akwai masu haƙori a gari."

Sai ya yi dariya ya rungume ta a ƙirji ya wuce.

Duk watan Maris, kafin Navruz, bikin sabuwar shekararmu, yakan kira gayya. Kowane gida ya fitar da namiji ɗaya da shebur, a yashe hanyar ruwa tun daga ƙofa har ƙarshe, mu mata muna dafa abinci. Ranar buɗewa shi zai juya ƙarfen, ruwa ya faɗo da kumfa da busasshen ganye, shi kuma ya shiga gabansa yana tafiya a hankali, yana kau da duk abin da ya tare da bakin fartanya. Ruwa na bin dugadugansa kamar akuyar da ta san mai ba ta dusa. Mu duka muna biye a gefe har lambunsa, can ake shafa fatiha.

To, sai Samarkand ta fara matsowa. Da can sai ka shiga bas ka wuce gonakin auduga kafin ka hango fitilunta. Audugar ce ta fara tafiya, sai gonakin kabeji, sai na inabi. Aka yanka filotai, aka kafa turaku da jan ƙyalle. Baƙi suka gina gidaje masu katanga ta fi mutum biyu tsawo, da ƙofofin ƙarfe shuɗɗa. Ban ce miyagu ne ba, suna sayen gurasata, suna gaisuwa daga cikin mota. Amma famfo suka sani. Wasunsu ko ta ina ruwan bayan gidansu yake gangarawa ba su sani ba, rami suka gani suka mai da shi juji. Gayyar da a da ake tara mutum casa'in ta koma ashirin, ta koma tsofaffi huɗu masu ciwon baya.

Safiyo kuma da suka zo awon ƙasa, a watan Janairu suka zo. Don Allah wa yake neman hanyar ruwa a Janairu? Ƙofa a kulle, rami a bushe, dusar ƙanƙara ta cike shi ta shafe. Suka yi kwana biyu suna leƙe a na'urarsu, suka sha shayi, suka tafi.

A farkon Satumba aka liƙa taswirar sabon tsarin gari a ofishin mai unguwa. Kyakkyawa wallahi, kore a nan, rawaya a can, ga makaranta, ga asibiti, ga sabon titi mai faɗi da zai kewaye gari. 'Yata Gulchehra, malamar makaranta, ita ta je ta karanta ta dawo fuska a ɗaure. Ta ce an zana hanyar ruwa har zuwa masallaci, daga nan babu ita, sai titin ya bi ta kai ya wuce. Mu da lambun Berdikul-ota muna wancan ƙetaren. A ƙasan taswirar an rubuta cewa duk mai ƙorafi ya kai shi a rubuce cikin kwana talatin.

Sauran masu gonaki a ƙetarenmu duk sun sayar, ni kuma ɗan filina tuni na gina wa ɗana ɗaki a kai. Mutum ɗaya ne ruwan nan ya zame wa rai.

Da Gulchehra ta gaya wa Berdikul-ota, ko a jikinsa. Ya ce kuskure ne na wanda bai sani ba, kuma wanda bai sani ba kiransa ake a nuna masa. Ya aika aka gayyato yaron ofishin tsara gari da ke zuwa yi wa mutane bayanin taswira. Javlon sunansa, siriri, mai tabarau, ba zai wuce talatin ba. Berdikul-ota ya yanka rago, ya ɗora osh da kansa, shinkafa da karas da kitse sai ƙyalli suke. Ni na gasa gurasa takwas, na barbaɗa riɗi, na yi musu ado a tsakiya kamar na biki.

Aka shimfiɗa a ƙarƙashin itatuwan Zebi. Ina tsaye a jikin katanga ina gani. Berdikul-ota ya ɗauki gurasar sama, ya karya da hannu biyu, ya ajiye gutsuren farko a gaban baƙo. Ya zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, da ya shanye ya ƙara masa ɗan kaɗan, yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe. A wurinmu sai wanda ka gaji da zamansa kake cika wa kofi. Bai ɗaga maganar ruwa ba sai da yaron ya ci ya ƙoshi ya goge hannu. Sannan ya ja shi suka bi ramin da ƙafa, daga lambu har masallaci, ruwa na gudu a ciki a gaban idonsa.

Suka dawo Javlon na ta girgiza kai.

"Ota, wannan ai ƙaramin abu ne. Kwalbati ɗaya za a sa a ƙarƙashin titi, shi ke nan. Zan yi magana a gyara, in Allah ya so."

Ya dafa ƙirji da ya faɗa, kuma na rantse har zuciyarsa ya faɗa. Aka ɗaga hannu aka shafa. Da ya tashi tafiya, yana saka takalmi, sai ya ce cikin sanyin murya, "Amma da za ku kai ko layi biyu ne a rubuce, ota..."

Berdikul-ota ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, ka ci gurasata. Kai ne takardata."

Yaron ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. An yi masa tarbiyya, ba zai maimaita wa dattijo magana sau biyu a gidansa ba.

Ni ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Tun motarsa ba ta sha kwana ba na hau kai.

"Ota, kun ji abin da ya ce? A rubuta!"

"Na ji, amarya."

"To? Gulchehra za ta rubuta yau, ku dai ku sa hannu."

Nan ne na fara ganin fuskarsa ta canza. Ya ce, "Mutum ya zauna a shimfiɗata, ya ci gurasa da gishirina, ya dafa ƙirji, an shafa. Gobe kuma in bi bayansa da takarda? Ai na kira shi maƙaryaci ke nan a gaban iyayen gidansa."

"Haba ota! Ofis yana cin gurasa ne? Ofis yana da ƙirjin dafawa?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina raba ruwa tsakanin gida casa'in. Kin taɓa ganin alƙalami a hannuna?"

Na ce masa taurin kai ne, na ce masa abin da ya fi haka, har na ce tsufa ya fara taɓa shi. Ya tattara kofunansa ya shiga ɗaki.

Duk da haka na sa Gulchehra ta rubuta, da sunana. Ga abin da ba na son faɗa, amma zan faɗa. Takardar nan ta yi kwana ashirin da biyu a ƙarƙashin buhun fulawata. Sau biyu ina ɗaura ɗankwali in je tashar bas. Sai in tuna yadda ya karya gurasar, in ga kamar zan je in tsinka shi ne a bayan idonsa, a ce ko maƙwabciyarsa ba ta yarda da maganar da aka ƙulla a lambunsa ba. Sai in dawo. Duk bakin nan nawa, ashe ni ma 'yar Yettitol ce. Kwana talatin suka cika takardar na nan da ƙurar fulawa.

A watan Nuwamba aka yi wa Javlon canjin wurin aiki zuwa wata gunduma. Daga baya muka ji ya cika alkawari, ya gaya wa shugabansa da baki, shugaban ya ce to. Shi ma shugaban ya yi ritaya a ƙarshen shekara. Wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ɗin Yettitol, ya ga ba ƙorafi ko ɗaya, ya buga hatimi.

Katafila ta zo a Fabrairu. Cikin mako uku suka tara ƙasa da tsakuwa, suka danne, suka zuba kankare. Berdikul-ota ya je ya gai da shugaban leburori, ya tambayi lafiyar iyalinsa yadda ya saba, sannan ya ce ina za a sa kwalbatin. Mutumin ya warware taswira a kan bonet.

"Wane kwalbati, ota? Ba ruwa a nan."

"Ga shi kana tsaye a kan hanyarsa."

"Na gani. Amma a takarda babu. Ni abin da ke takarda aka ce in gina."

Muka yi ta sintiri ofis ni da shi da Gulchehra, yanzu kam da takardu har uku. Kowa ya karɓe mu da mutunci, kowa ya ce ai da kun zo a cikin kwana talatin ɗin nan.

Maris ya zo, ya kira gayya kamar kullum. Mutum uku suka fito. Suka yashe daga ƙofa har titi, shi kaɗai kuma ya tsallaka ya yashe namu ƙetaren har gindin itatuwa, ramin da ya san ba abin da zai bi ta cikinsa. Na ce masa me ye amfanin wannan wahala. Ya ce mirob ba ya yashe rabin hanya.

Ranar buɗewa na rufe tanderu na bi shi. Ya juya ƙarfen, ruwa ya faɗo, ya shiga gaba yana tafiya. Suka wuce tsohuwar makaranta, suka wuce bayan shuɗɗan ƙofofi, suka wuce masallaci. Da ya isa jikin titin sai ya tsaya, ruwa ya iso ya tsaya tare da shi. Ya rufe masa takalmi, ya hau ƙwauri. Bai motsa ba. Ruwan ya cika ramin ya tumbatsa, ya malala gefe, ya shige ta ƙarƙashin wata sabuwar ƙofa. Wata mata ta fito da silifas a hannu tana ihu, an jiƙa mata darduma. Mijinta ya biyo ta da waya a kunne.

"Wai wa ke da alhakin ruwan nan ne? Ba mai kula da shi?"

"Ni ne, ɗana," in ji Berdikul-ota. "Ku yi haƙuri."

Ya fito daga ramin ya koma daidai masallaci, inda wata 'yar hanya ke zubar da rarar ruwa cikin kwari. Ya sa fartanya ya fara yanko ƙasa da ciyawa yana jerawa a tsakiyar ramin, yana dannawa da ƙafa. Abin da ya shekara arba'in da ɗaya yana hana mutane, shi ya yi da hannunsa, kuma ya yi shi da kyau, ko ɗigo bai wuce ba. Na tsaya ina kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Muka tsallaka titi muka koma gida. Itatuwan urik ɗin duk sun yi fure, fari fat, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Ban taɓa ganin sun yi fure irin na shekarar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo.

"Ba su sani ba tukuna, amarya," ya ce.

Ya gwada, kada wani ya ce bai gwada ba. Famfonmu awa biyu yake kawo ruwa da safe, na ce ya ɗebi nawa ma. Ya sayi baro da jarkoki, yana tura su daga masallaci, yana tsayawa a bakin titi yana jiran motoci su ba shi hanya, mutum mai shekara saba'in da shida. Amma wane baro ne zai shayar da itace ashirin da bakwai a zafin bazara? Sai ya zaɓi ukun Zebi ya bar sauran. 'Ya'yan suka zube tun suna ƙanana, kore, masu ɗaci. Ganye ya naɗe ya faɗi. A ƙarshen Agusta ukun ma suka bi.

A satin ne Javlon ya zo, da gurasa huɗu a ƙunshe cikin ƙyalle, ya rame, idonsa a ƙasa. Wani ya gaya masa. Berdikul-ota ya tare shi, ya shimfiɗa masa a ƙarƙashin itatuwan da ba su da sauran inuwa, ya karya gurasa ya sa masa a gaba. Yaron ya ce ya bi duk inda zai bi, an ce sabon titi ba a fasa shi sai bayan shekara biyar. Ya ce laifinsa ne, da ya sani da ya nace a kan takardar.

Berdikul-ota ya ɗauki butar shayi ya zuba masa, ya ci gaba da zubawa har kofin ya cika fal. Javlon ya kalli kofin, fuskarsa ta yi fari. Ya ɗauka da hannu biyu ya shanye da zafinsa, ya shafa, ya tashi ya tafi.

Ni dai raina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa washegari da na miƙa masa gurasa sai na ga idonsa ya kumbura. Ya ce, "Na wulaƙanta baƙo a gidan Zebi. Yaron nan ya gaya mini in rubuta, ni ne na ƙi." Na buɗe baki in gaya masa labarin takardar da ta kwana ƙarƙashin buhuna, na kasa. Har yau bai sani ba.

Ya kai wa mai unguwa makullin ƙofar ruwa, ya ce a ba wanda lambunsa ne na ƙarshe yanzu. Aka duba aka rasa mai so. Yana nan rataye a ƙusa, kusa da taswirar.

A watan Oktoba na fara jin sarar gatari ta bayan katanga. Bai kira kowa ba, itace ɗaya a yini, wani lokaci ɗaya a kwana biyu. Ya faskara, ya ɗaure dami-dami, ya riƙa turo mini a baron nan nasa yana jerawa a jikin tanderu. Na ce ba zan karɓa ba, na rantse, na yi faɗa. Ya ce, "To a ba wa wa? Ki gasa gurasa, amarya, sanyi na zuwa."

Da su na yi aiki duk hunturun. Itacen urik yana ci a hankali, garwashinsa yana daɗewa, gurasa kuma takan ɗauki wani ƙamshi mai zaƙi. Baƙin sababbin gidaje suka riƙa yin layi da motoci. Matar nan mai silifas ta ce mini, "Inna, me kike sa wa gurasarki bana? Ta fi ta birni." Na naɗe mata biyu na miƙa, na ce ta gai da gida.

Wata safiya a ƙarshen Fabrairu na miƙa masa tasa ta kan katanga. Bayansa fili ne fetal, kututture ashirin da bakwai a jere, har kana hango motoci a titi. Na jira ya ce na ƙona gefen. Ya karɓa, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sai ya sumbace ta ya dangwala a goshi.

"Wannan na bakin ƙofa ne," ya ce. "Na Zebi."

Ban san yadda mutum zai gane itace daga ƙamshin gurasa ba, kuma ban tambaye shi ba. Amma damin da ya ɗaure da jan zare daban, wanda na yi ta kewayewa tun Oktoba har sauran suka ƙare, shi na sa a wuta da asubar ranar.